Waya a Hannunka, Baki na Jami'a

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau jami'a za mu shiga, sai dai ba aji za mu ba, ba kuma ɗakin karatu ba. Wani aiki za mu leƙa wanda ba kasafai ake ganin fuskar mai yin sa ba, wato aikin riƙe shafin jami'a a Facebook, ko X, ko Instagram, ko WhatsApp. Mutumin da in ya danna wayarsa, kafin a jima dubban ɗalibai da iyayensu sun ɗauka suna cewa "jami'a ta ce".

Kada wani ya ce zancen 'yan boko ne, bai shafe shi ba. In kana da ɗa ko ƙani da ya rubuta JAMB yana jiran gurbi, ya shafe ka. In ke ce uwar da ta sayar da tunkiyarta aka haɗa kuɗin rajista, ya shafe ki. Ku kuma ma'aikatan jami'a da aka ɗora wa wannan kaya, wani lokacin ba takarda ba horo, sai dai kawai a ce "ai kai ka iya waya, riƙe mana", yau da ku muke.

A garuruwanmu, in Sarki yana da saƙo ga talakawa, sankira ake kira. Ya zaga kasuwa da unguwanni, ya ce Sarki ya gaishe ku, sannan ya faɗi abin da aka aiko shi da shi. Muryar tasa ce, amma maganar ba tasa ba ce. Ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya tsayawa musu da wanda ya yi gunaguni, kuma ba ya bari sai kasuwa ta watse sannan ya fito. To mai riƙe da shafin jami'a sankira ne. Abin da ya bambanta su kawai, shi nasa saƙon ba iska ke tafiya da shi ba. Yana nan a ajiye, ko ya goge wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Bari mu fara da wanda ke da ikon magana da yawun jami'a, don nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ranar komawa makaranta, ranar fara jarrabawa, ranar rufe zango, duk majalisar malamai ta jami'a ce ke zama ta tsayar, ƙarƙashin jagorancin shugaban jami'a. In ta tsayar, ofishin magatakarda ne ke rubutawa ya sa hannu. Daga nan sai sashen hulɗa da jama'a ya fitar. Manyan jami'o'inmu irin su Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Bayero ta Kano, sun daɗe da irin wannan sashe, suna kuma buga mujallarsu ta cikin gida da ake rabawa ofis-ofis. Tsari ne mai kyau, amma don takarda aka gina shi. Fayil ya tashi daga wannan tebur zuwa wancan, a jira mai sa hannu ya dawo daga taro, a buga, a manna a allon sanarwa. Ita kuwa jita-jita ba ta da fayil, ba ta jiran kowa ya dawo daga taro.

Ku tuna 2022. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cif ɗalibai suna zaune a gida. Duk wanda ke da ɗalibi a gidansa a lokacin ya san yadda takardun bogi suka riƙa yawo a waya, yau an ce an janye, gobe an ce ga ranar komawa. Ko bayan janyewar ta gaskiya, sai da kowace jami'a ta zauna ta tsara nata jadawalin, don janye yajin aiki daban, buɗe makaranta daban. A tsakanin nan ne masu haɗa takardar ƙarya suka fi cin kasuwa.

Ba wata wahala ce haɗa ta ba. Mutum ya samo tsohuwar sanarwa ta gaskiya, da tambarin jami'a a sama da sa hannun magatakarda a ƙasa, ya goge kwanan wata ya rubuta nasa, ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Shi ke nan. Ku ƙaddara yarinya ce a Gashuwa ko Mubi ta gani da daddare. Uwa ta tashi ta ɗaure mata garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, uba ya je ya ranto kuɗin mota, da asuba aka raka ta tasha. Ta wuni a hanya, ta iso da la'asar sakaliya, ta tarar da ɗakunan kwana a garƙame, maigadi yana ce mata ai ba a dawo ba. Ga dare na yi, ga ba ta san kowa a garin ba, kuɗin komawa kuma babu. Wanda ya haɗa takardar shi ne babban mai laifi, babu musu. Amma in takardar ta kwana biyu tana yawo, shafin jami'a yana nan shiru, hoton ƙarshe da ke kai na wata ziyarar ban girma ce da aka kai wa shugaba makon jiya, to jami'ar ma tana da nata kason.

Ni a ganina, babban ciwon shafukan jami'o'inmu ba faɗin abin da bai dace ba ne. Rashin faɗin komai ne a lokacin da ake buƙata. Mai riƙe da shafi ya ga ƙaryar tun da safe, ya san ƙarya ce, amma ba shi da izinin cewa uffan sai an sa hannu, mai sa hannu kuwa yana Abuja. Maganin wannan ba a hannun yaron da ke riƙe da waya yake ba, a hannun shugabanni yake. Su ba shi izini tun kafin abu ya faru, a rubuce, cewa in ya ga sanarwar da ba ta fito daga ofishin magatakarda ba, kira ɗaya ya isa ya tabbatar, ya fito ya ce wannan ba tamu ba ce. In zai sa hoton takardar bogin, ya ja mata jan layi, ya rubuta "BOGI" ɓaro-ɓaro a kanta, don in ya sa ta haka nan tsaf, wani zai sake ɗauka ya ce ai ga ta nan ma a shafin jami'a. Sanarwar gaskiya kuma a fara sa ta a gidan yanar jami'a, wanda adireshinsa ke ƙarewa da edu.ng, sannan a kawo ta shafukan sada zumunta tare da hanyar da za ta mai da mutum can ya gani da idonsa.

Wannan batu na jinkiri, akwai inda ya wuce asarar kuɗin mota. A Amurka, ranar 16 ga Afrilun 2007, wani ɗalibi ya harbe mutum biyu a ɗakin kwanan ɗalibai na jami'ar Virginia Tech da misalin ƙarfe 7:15 na safe. Hukumar jami'ar ta shiga taro tana shawarar abin da za ta faɗa, saƙon farko bai isa ga ɗalibai ba sai bayan kimanin awa biyu. Mintoci kaɗan bayan fitar saƙon, maharin ya shiga wani ginin azuzuwa ya kashe mutum 30. Jimilla 32. An yi shekaru ana shari'a da muhawara a kan waɗannan awowi biyu, kuma tun daga nan jami'o'in ƙasar suka ɗauki gargaɗin gaggawa ta waya da muhimmanci ƙwarai.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan rana, Allah ya kiyaye gaba. An ɗauke ɗaliban Jami'ar Greenfield a Kaduna a watan Afrilun 2021, har aka kashe wasu daga cikinsu. An shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a unguwar Sabon Gida a watan Satumban 2023 aka tafi da ɗalibai, yawancinsu mata. A irin wannan dare, uwa tana can wani gari, ta kira wayar 'yarta a kashe, ina kuke jin za ta duba? Shafin jami'a. In ta tarar da shiru, za ta koma wurin duk wanda ya fara magana, ko da kuwa ƙarya yake yi. Ba a ce jami'a ta san komai a awar farko ba. Ta faɗi iya abin da ta tabbatar, ta faɗi matakin da aka ɗauka, ta ba da lambar da iyaye za su kira a ɗauka, ta ce ƙarfe kaza za mu sake magana, in lokacin ya yi kuma ta cika alkawari ko da babu sabon labari.

Haka kuma a irin wannan rana akwai abin da ba a sa wa a shafi ko da an sani. Ba a sa sunan wanda ya rasu ko aka ɗauke kafin a je a sanar da iyayensa baki da baki. Babu uban da ya cancanci ya tsinci rasuwar ɗansa a Facebook tsakanin tallar shadda da sakamakon ƙwallo. Ba a sa hoton gawa ko na mai rauni. Ba a faɗin inda jami'an tsaro suka nufa, don masu garkuwa ma suna da waya, suna kuma karantawa.

Ta'aziyya ma tana da ladabinta. A watan Fabrairun 2023, bayan an harbe ɗalibai uku a Jami'ar Jihar Michigan, wani ofishi a Jami'ar Vanderbilt ya aika wa ɗalibansa saƙon jaje, sai ga shi a ƙasan saƙon an rubuta cewa da ChatGPT aka tsara shi. Ɗalibai suka fusata, ofishin ya fito ya ba da haƙuri. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo wayar kowa, ba laifi ba ne ta taya mutum gyara jimla a sanarwar ranar rajista. Amma gaisuwar mutuwa, a bar ɗan'adam ya zauna ya rubuta da hannunsa.

(Kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan masu riƙe wa jami'o'i shafukansu na sada zumunta. Yanzu ga wata tambaya da nake so duk wani magatakarda ko shugaban tsangaya da ke jin mu ya yi wa kansa: kalmar sirrin shafinku, a hannun wa take?

Ga yadda abin yakan kasance. An turo ɗan bautar ƙasa sashe, yaro mai kuzari, ya ce bari in buɗe muku shafi. Ya buɗe da layin wayarsa da imel ɗinsa. Shafi ya yi kyau, mabiya suka taru. Shekara ta cika, ya karɓi takardarsa ya koma garinsu, ya tafi da shafin a aljihu ba tare da ya yi nufin mugunta ba. Bayan wani lokaci ya daina amfani da layin. Kamfanonin waya kuwa in layi ya daɗe ba a amfani da shi, sukan karɓe su sayar wa wani. To wanda ya sayi layin nan, in ya ga dama, lambar sake kalmar sirri wayarsa za ta shigo. Ka ga shafi mai tambarin jami'a da dubban mabiya ya faɗa hannun wanda ko ƙofar jami'ar bai sani ba.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A buɗe shafi da imel na jami'a da layin ofis. A sa mutum biyu ko uku su zama masu iko da shi, cikinsu har da babban ma'aikaci na dindindin, tun da Facebook ya ba da damar a bambanta mai cikakken iko da wanda aikinsa wallafawa kawai. A kunna tsaron nan mai mataki biyu, wanda ko an san kalmar sirri sai an sami wata lamba ta daban kafin a shiga. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki ko aka canza masa wuri, ranar za a cire shi, kamar yadda ake karɓar makullin ofis. Kai kuma mai riƙewa, in da hali ka raba wayar aiki da taka. Shafinka da na jami'a a waya ɗaya, yatsa ɗaya ne tsakaninsu. Dare ya yi, kana kallon ƙwallo, ƙungiyarka ta sha kashi, ka rubuta baƙar magana ka tura, sai da safe ka ga ashe jami'a ce ta yi zagin.

Sannan a tuna, shafin nan ba mallakin jami'a ba ne, na kamfani ne, kuma ana iya wayar gari babu shi. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A shekarar dai, daga 5 ga Yuni, gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Jami'ar da ta dogara da wuri ɗaya, ranar da aka rufe shi bakinta ya rufu. Shi ya sa gidan yanarta, da saƙon tes, da rediyon jami'a ga masu shi, har da tsohon allon sanarwa na bakin tsangaya, ba abin yarwa ba ne.

To mu zo kan 'yan damfara, don su ne suka fi kowa son sunan jami'a. A da, in ka ga alamar shuɗi kusa da sunan shafi a Twitter, ka san an tantance shi. Bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a 2022, sai aka mai da alamar ta kuɗi, a watan Afrilun 2023 kuma aka cire tsofaffin na kyauta. Kamfanin Meta mai Facebook shi ma ya fito da tasa ta biya. Saboda haka alamar shuɗi kaɗai ba ta isa hujja ba yanzu. Abin da ya fi, jami'a ta jera adireshin shafukanta na gaskiya a gidan yanarta, da na tsangayoyi da sassa da ta amince da su. Duk wanda ba ya cikin jerin, ba da yawunta yake magana ba, ko tambarinta goma ya manna.

Sai dai fa ɗan damfara mai wayo ba ya ma wahalar buɗe shafin bogi. Ƙarƙashin shafin gaskiya yake zuwa ya zauna. An fitar da sunayen waɗanda suka sami gurbi, ɗaruruwan yara suna tsokaci, wannan na hamdala, wancan na cewa bai ga sunansa ba. Sai ka ga wani da hoton dattijo mai babbar riga da tabarau, ya kira kansa Dakta wane, ya rubuta: duk wanda bai ga sunansa ba kada ya damu, ya tuntuɓi wannan lamba. Yaro ya ga a shafin jami'a ne, ya ɗauka na gida ne. In mai riƙe da shafi ya wallafa ya juya baya bai sake leƙowa ba, ya tara wa ɓarawo jama'a ke nan. Share irin wannan tsokaci da toshe mai shi yana cikin aikin, ba alfarma ba ce.

Iyaye, ga abin da za ku riƙe. Tun 2017 hukumar JAMB ta kawo tsarin da ake kira CAPS, kuma ta nan ne gurbin karatu na gaskiya ke fitowa, yaro ya shiga da kansa ya gani, ya karɓa ko ya ƙi. Tun 2015 kuma da aka tilasta asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, kuɗin makarantar jami'ar tarayya ba a zuba shi a asusun wani mutum. Bashin karatu na NELFUND da aka fara nema a watan Mayun 2024, shi ma ɗalibi ne ke cikewa a gidan yanar hukumar, babu ɗan tsakiya. Duk wanda ya ba ka lambar asusu mai sunan mutum ya ce ka tura don a sama wa ɗanka gurbi, ɓarawo ne, ko da wane irin hoto ya sa.

Akwai kuma ɓarnar da jami'a ke yi da hannunta ba ta sani ba. A ɗauki hoton takardar sakamako, suna da lambar ɗalibi da makinsa, wanda ya ci da wanda ya faɗi, a watsa wa duniya. Ko a sa jerin sunaye haɗe da lambobin waya, wanda daidai yake da miƙa wa ɗan damfara abin da yake nema. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, da hukumar da ke kula da ita, kuma jami'a tana cikin masu riƙe bayanan mutane da dokar ta hau kansu. Ko ba doka ma, akwai kunya da sanin ya kamata. Ranar bikin rantsar da sababbin ɗalibai, mai hoto ya hango yarinya ya ɗauke ta kusa-kusa bai tambaye ta ba, aka sa a shafi, samari suka taru a ƙasa kowa na faɗin albarkacin bakinsa a kan fuskarta. Wataƙila matar aure ce. Wataƙila da ƙyar mahaifinta ya yarda ta zo karatun. Tambaya ɗaya, "in sa hotonki?", ta isa ta raba wannan rigima.

(Kiɗa)

Ban so mu tashi kuna ganin aikin duk tsoro ne da kaffa-kaffa. Akwai alheri mai yawa da ake bari yana wucewa. Ku buɗe shafukan jami'o'inmu ku duba da kanku: shugaba ya karɓi baƙi, shugaba ya kai ziyara, shugaba ya yanka ƙyalle, shugaba ya miƙa kyauta. Ba mu raina shugaba ba, Allah ya ƙara girma. Amma jami'a ba ofishin mutum ɗaya ba ce. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka fitar da irin masara na SAMMAZ da na gyaɗa SAMNUT da na wake SAMPEA, har da SAMPEA 20-T da aka saki a 2019, wanda ke jure tsutsar da ke huda kwanson wake. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi da ta samar da kazar ƙwai ta Shika Brown. A Bayero akwai cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwan sama. Manomin Giwa ko Ɗambatta yana da waya, ko ɗansa yana da ita. Bidiyon minti biyu, malami tsaye a gona da kwanson wake a hannu yana bayani da Hausa, ya fi masa hoton taro ɗari amfani, ya kuma fi ɗaga sunan jami'ar.

Na ce da Hausa, kuma da gangan na faɗa. Turanci ne harshen aiki, babu mai jayayya, sanarwa ta fita da shi. Amma wanda ke biyan kuɗin makarantar fa? Sau da yawa ba ya jin Turanci, sai abin da ɗan ya ga damar fassara masa, har da ƙarin 'yan dubbai a kan kuɗin rajista. Jami'o'in da ke da sassan koyar da Hausa, suna yaye masu digiri a fassara, bai kamata a ce sun rasa mai juya sanarwar layi biyar ba. A ƙetaren iyaka ma haka zancen yake, a Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda sanarwa ke fita da Faransanci, iyaye kuwa Hausa suke ji. Ga shi tun 2023 WhatsApp ya kawo tsarin tasha, inda hukuma ke tura saƙo mabiya su gani ba tare da wani ya ga lambar wani ba, har saƙon murya ana iya sawa don wanda ba ya karatu.

Saura zancen suka. Ɗalibai za su yi ƙorafi, ba ruwa a ɗakin kwana, ba wuta, sakamako ya maƙale, an yi shekara ana bin takardar shaida. Wani zai faɗa da ladabi, wani da zafi. Zagi da batsa da cin zarafin addini ko ƙabila, a goge, a kuma rubuta wannan ƙa'ida a saman shafi kowa ya sani. Amma ƙorafi ba zagi ba ne. Wanda ya ce kwana uku ba ruwa, a ce masa an ji, an kai wa sashen ayyuka, kuma a kai ɗin da gaske. In aka goge, ko aka yi masa barazanar kwamitin ladabtarwa, ruwan dai bai zo ba, shi kuma ya ɗauki hoton maganar ya kai inda jami'a ba ta da ikon gogewa. Mai riƙe da shafi kuma kada ya shiga sa-in-sa, ko da shi ke da gaskiya. Jami'a mai shekara sittin ba ta cacar baki da ɗan aji ɗaya.

In kuwa kuskuren na gida ne, a faɗa. A 2025 sakamakon JAMB ya fito, yara da iyaye suka cika shafukan sada zumunta suna cewa wannan ba makinsu ba ne. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura, ya ba da haƙuri har da hawaye, aka ce ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas su sake zama. An soki hukumar, wasu har sun nemi ya sauka. Amma da an dage a kan cewa yaran ne ba su yi karatu ba, da ɗaruruwan dubbai sun tafi da makin da ba nasu ba. Koken da aka yi a waya ne ya sa aka koma aka duba.

Siyasa kuwa, a gajarce: shafin jami'a ba shi da jam'iyya, ba shi da ɗan takara. Ya yi barka da Sallah, ya yi barka da Kirsimeti. Malami yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa a shafinsa na kansa, da sunansa, ba da tambarin jami'a ba.

Lokaci ya ƙure mana. Shugabannin jami'o'inmu, muna roƙo, ku ɗauki wannan a matsayin aiki na ofis: a naɗa mai yi a rubuce, a horar da shi, a saya masa data, a ba shi lambar wanda zai kira ko da tsakar dare ne a ɗauka. Ku kuma iyaye da ɗalibai, kafin ku tura ko kwabo, kafin ku sa yaro a mota, ku shiga gidan yanar jami'ar mai ƙarewa da edu.ng ku ga sanarwar da idonku, in ba ku iya ba ku sa wanda kuka yarda da shi ya duba muku. In babu ita a can, ku dakata tukuna.

  

(Kiɗan rufe shiri)